Ku Ajiye Dorinar Nan, Ɗan Adam Kuke Duka

Musulmi ba ya jayayya a kan samuwar aljanu. Allah Ya saukar da sura guda da sunansu, sura ta 72, mai ayoyi 28. Ya sanar da mu a Suratur Rahman cewa daga harshen wuta Ya halicce su, Ya kuma sanar da mu a Suratuz Zariyat cewa dalilin halittarsu da tamu ɗaya ne, wato bauta. A cikinsu akwai muminai akwai kafirai, akwai salihai akwai fasiƙai. Wata tawaga daga cikinsu ta saurari karatun Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta koma ta yi wa danginta wa'azi, kamar yadda Suratul Ahƙaf ta ba da labari. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji maganar da ke tafe ya ce ga ɗan boko ya zo ƙaryata gaibu. Na yi imani da aljanu, kuma saboda wannan imanin ne raina ke ɓaci da abin da muke aikatawa da sunansu.

Mun mayar da aljani juji. Duk abin da ya gagare mu fahimta, ko muka ji kunyar kiran sunansa, ko muka yi ƙyashin kashe kuɗi a kansa, sai mu kwasa mu zuba masa. Yaro ya faɗi yana kumfa, a ce mutanen ɓoye ne. Budurwa ta jima a gida, a ce aljani ya aure ta. Mace ta yi ɓari, a ce namijin dare ne ke ɓata cikin. Saurayi ya sha kodin da tiramol har kansa ya juye, uwarsa ta rantse ture aka yi masa. Magidanci ya daina ciyar da iyalinsa, 'yan'uwansa su ce ai ba yin kansa ba ne. Da a ce abin ya tsaya a fatar baki, da da sauƙi. Amma akwai wanda ke biyan wannan zancen da jikinsa, kuma kullum shi ne mafi rauni a gidan.

Duk wanda ya taɓa leƙa irin ɗakunan da ake kira na rukiyya a garuruwanmu ya san abin da nake nufi. Ƙarti sun danne yarinya, wani a hannu wani a ƙafa. An turnuƙe mata fuska da hayaƙi har numfashinta na sarƙewa, ana ɗura mata ruwan magani ta hanci, ana ihu a cikin kunnenta: “Waye kai? Wa ya turo ka? Fita!” In ta yi shiru, a ce taurin kai ne da shi, a ɗauko dorina. In ta yi kuka ta ce, “Malam, ni ce, don Allah ka bari,” a ce kun ji makircinsa, yana kwaikwayon muryarta. Uwa na tsaye bakin ƙofa tana hawaye, ana rarrashinta da cewa, “Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba ita ke jin dukan ba.” Gari na wayewa kuwa a bayan yarinyar ake ganin shatar bulala, ita ce ba ta iya kwanciya rigingine, ita ce ke firgita duk sanda ta ji an fara karatu da ƙarfi. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini rai. Mun ɗauki littafin da Allah Ya kira waraka da rahama, mun sa yarinya Musulma tana jin sautinsa jikinta na rawa don tsoro.

Mu ɗauki farfaɗiya, don ita ce aka fi zalunta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ne ke fama da ita a doron ƙasa, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu magani yadda ya dace. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma da yawa daga dalilanta sanannu ne: doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, buguwar kai a hatsarin babur, sanƙarau. A annobar sanƙarau ta 1996 kaɗai, sama da mutum 100,000 suka kamu a arewacin Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, kuma cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda cutar ta bar wa tabo a ƙwaƙwalwa. Magungunan farfaɗiya irin su fenobabiton da kabamazefin ba su kai kuɗin ragon da boka ke karɓa ba. Duk da haka yaro zai faɗi a kasuwa, manya su watse don wai kumfar bakinsa na yaɗa cutar, alhali ba ta yaɗawa. Wani ya cusa masa cokali har haƙori ya karye, wani ya kara ƙafarsa a wuta. Daga nan a cire shi daga makaranta, a ware masa kwano, a shiga yawo da shi daga wannan malami zuwa wancan har ya girma bai taɓa haɗiyar ƙwaya ɗaya ba.

Shin ba a taɓa kawo wa Manzon Allah mai farfaɗiya ba ne? An kawo. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibn Abbas ya nuna wa Aɗa'u ɗan Abi Rabah wata baƙar mace, ya ce masa 'yar Aljanna ce. Ta zo wa Annabi ta ce tana faɗuwa, kuma in ta faɗi jikinta na buɗewa, ya roƙa mata Allah. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da sakamakon Aljanna, ko addu'ar samun sauƙi. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi dai ya yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana, ya yi mata. Babu wanda ya danne ta, babu wanda ya tambaye ta wa ya turo. Abin da ya dame ta shi ne suturarta, Annabi kuma ya kula da wannan damuwar. Yau mai rukiyya zai kafa waya ya ɗauki matar aure tana birgima, ɗankwali ya cire, zane ya kwance, ya ɗora a TikTok da Facebook da lambar wayarsa a ƙasa don neman kasuwa. Malam, ka ji tsoron Allah. Matar nan uwar wasu ce, kuma 'ya'yanta za su girma su tarar da hoton.

Akwai kuma jijjigar masu ciki, wadda wasu ke kira taune-taune. Hawan jini ne ke kawo ta a ƙarshen ciki ko lokacin haihuwa, awon ciki na iya gano alamunta tun da wuri, kuma akwai allurar da ke tsayar da ita a asibiti. Tana cikin manyan cututtukan da ke kashe mata wajen haihuwa a Arewa. Amma yarinya mai cikin fari za ta fara jijjiga da asuba, tsofaffin gida su ce iska ce, a kunna turare, a aika a kira mai tofi. Ba za a nemi mota ba sai la'asar, bayan ta ciji harshenta ta daina gane kowa. In ta rasu a ce kwana ya ƙare. Haƙiƙa kwana ya ƙare, amma waɗanda suka zauna da ita wuni guda suna hayaƙi za su amsa tambaya a kan wunin nan.

Ya kamata tarihinmu na kusa ya koya mana hankali. Shekaru aru-aru iyayenmu sun ɗauka wata aljana ce, Inna, ke shanye ƙafafun yara. Aka yi ta yanka, aka yi ta kamun ƙafa wurin 'yan bori, yara suka ci gaba da rarrafe. Da aka dage da ɗigon rigakafi, duk da turjiyar da aka yi a 2003, sai cutar shan inna ta ja da baya. An ga na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a Najeriya a Borno a 2016, kuma a watan Agustan 2020 aka bayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ƙwayar cuta ce tun farko, mu ne muka raɗa mata sunan aljana, kuma dubban yara suka gurgunce kafin mu yarda.

Na san abin da za a ce mini: to shin aljani ba ya shafar mutum ne? Mafi yawan malaman Sunna sun tafi a kan yana iya shafa, suna kafa hujja da aya ta 275 ta Suratul Baƙara, kuma ban zo rushe wannan ba. Sai dai tsakanin “yana iya faruwa” da “shi ne ya faru ga wannan yarinyar” akwai tafiya mai nisa, kuma da hujja ake yin ta. Ibnul Ƙayyim, wanda masu rukiyya ke yawan jingina da shi, ya raba faɗuwa gida biyu a Zadul Ma'ad: wadda miyagun ruhohi ke kawowa, da wadda ke tasowa daga lalacewar abubuwan cikin jiki, ya ce ta biyun fagen likitoci ce. Malamin da ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira ya san da wannan rabon. Kai da ke zamanin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, duk wanda aka kawo maka aljani gare shi? Ban taɓa jin ɗan kasuwar rukiyya ya duba mutum ya ce, “Alhaji, ɗanka ba shi da aljani, ka kai shi asibiti” ba. Alamomin da suke lissafawa kuwa, ciwon kai da mugun mafarki da kasala da yawan fushi da faɗuwar gaba, wace mace ce mai goyo da kishiya da miji marar aiki ba ta da su?

Za a kuma ce Ibn Taimiyya ya doki mai aljani. An ruwaito haka, almajirinsa ya faɗa. Amma aikin malami, kome girmansa, ana nema masa hujja ne, ba ya zama hujja da kansa, kuma mu mabiya Imam Malik mun fi kowa sanin maganarsa cewa kowa ana karɓar zancensa ana mayarwa in ban da mai kabarin nan na Madina. Iyakar abin da ya zo daga Annabi a wannan babi shi ne irin hadisin Usman ɗan Abil Asi, inda ya bugi ƙirjinsa da tafin hannu ya umarci shaiɗan ya fita. Ina wannan ina wayar wuta da dorina da shaƙe wuya? Nana A'isha ta shaida, a ruwayar Muslim, cewa hannunsa bai taɓa dukan mace ko hadimi ba. Rukiyyar da ya koyar karatu ne da addu'a da tofi mai sauƙi: Fatiha, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. Duk Musulmi zai iya yi wa kansa da iyalinsa, ba ta da shago, ba ta da kati, ba ta da kuɗin ganin malam. Kuma shi wanda ya koyar da ita shi ne ya ce bayin Allah su nemi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Mafi munin abin da wannan sana'a ta shigo mana da shi shi ne karɓar shaidar aljani. Ana tsaka da duka sai mara lafiya, ko abin da ake cewa yana bakinta, ta ambaci suna: kishiya, uwar miji, wata tsohuwa marar gata a bayan layi. Shi ke nan an yanke hukunci. Aure ya mutu, zumunci ya yanke, wani lokacin matasa su yi wa tsohuwa rubdugu da sunan mayya ce. Ku tsaya mu yi lissafi. In ciwo ne ke magana, to kun karɓi shaidar wanda aka ɗauke wa alƙalami, wanda aka matsa da duka har ya faɗi abin da ake son ji. In kuwa da gaske aljani ne, to kun karɓi shaidar azzalumin da ya shiga jikin baiwar Allah ba da haƙƙi ba. Suratul Hujurat ta umarce mu mu bincika labarin fasiƙi ko da mutum ne da muke gani da ido. Ko shaiɗanin da ya koya wa Abu Huraira falalar Ayatul Kursiyyu, Annabi ya gaskata wannan magana guda amma ya ce shi kansa maƙaryaci ne. Babu alƙalin Musulunci da zai ɗaure akuya da irin wannan shaida, amma mu muna raba uwa da 'ya'yanta da ita.

Magabata sun hango wannan ɓarna tun da nisa. An ruwaito daga Imam Shafi'i cewa wanda ya yi da'awar yana ganin aljanu a siffarsu, za a zubar da shaidarsa, domin Suratul A'araf ta ce suna ganinmu ta inda ba ma ganinsu. An kuma ruwaito, kamar yadda Shibli ya kawo a Akamul Marjan, cewa mutanen Yaman sun rubuto wa Imam Malik tambaya a kan auren aljani, ya nuna ƙinsa, don kada a wayi gari mace ta yi ciki a tambaye ta mijinta ta ce aljani ne, ɓarna ta yawaita. Dubi abin da ya duba: ƙofar da mutane za su bi su guje wa alhakin aikinsu. Wannan ƙofar ce muka buɗe wangwam. Uba ya tsawwala sadaki da lefe har samari suka gudu, sannan ya ce jinnul ashiƙ ne ya hana 'yarsa aure. Miji ya ƙi zuwa a gwada shi, shekara da shekaru ana wanke matarsa da ruwan magarya don wai aljani ya zauna mata a mahaifa.

Sai kuma tsoron kansa, wanda ya kai wasunmu bakin ramin shirka. Aya ta 6 ta Suratul Jinni ta ba da labarin mazajen mutane da ke neman tsari da mazajen aljanu. Masu tafsiri sun ce Balaraben jahiliyya in dare ya riske shi a kwari, sai ya nemi tsarin shugaban aljanun kwarin daga wawayen mutanensa, kuma ayar ta ce wannan bai ƙara musu kome ba sai wahala da zunubi. Mene ne bambancinsa da wanda ke yanka baƙin bunsuru a harsashin sabon gida don masu wurin su yi haƙuri, ko mai ajiye ƙwai da farin goro a gindin tsamiya, ko mai kai wa iskokin bori, Sarkin Rafi da Ɗan Galadima, abin da aka ce sun nema? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yaƙi yanka ga itatuwa da duwatsu da zuwa wurin masu duba, 'yarsa Nana Asma'u ta tura malamai mata, wato jaji, ƙauye-ƙauye don janye mata daga bori zuwa ilimi. Bayan shekara 200 abin ya dawo da sabon rawani. Malamin da ke cewa yana da rauhanai masu ba shi labarin abin da ke ɓoye boka ne, ko da ya jera littattafai har rufi. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Kuma aljanun da ake taƙama da su ba su san gaibu ba: Suratu Saba'i ta ba da labarin yadda Annabi Sulaimanu ya rasu yana dogare da sandarsa, suka ci gaba da aikin wahala ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Shi kansa Iblis, a Suratu Ibrahim, zai tsaya ranar alƙiyama ya ce ba shi da wani iko a kanmu in ban da kira da ya yi muka amsa.

Ba na cewa duk iyayen da ke kai 'ya'yansu waɗannan wurare mugaye ne. Da yawansu ƙauna ce da rashin mafita. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. Mutumin ƙauye da zai kai ɗansa asibitin Kware ko Barnawa ko Dawanau ko Maiduguri sai ya sayar da abin da ya noma, mai hayaƙi kuwa yana bayan gidansa. Wannan laifin hukuma ne, kuma babba ne. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, kuma takarda ba ta ba da magani sai an gina wurin ba da shi. Amma akwai kason da yake namu, shi ne kunya. Mun fi son a ce 'yarmu na da aljanu da a ce tana da taɓin hankali, domin mai aljanu tana auruwa, mai taɓin hankali kuwa har ƙannenta sai a guje su. Don kare sunan gida muke hana ta magani. Da 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, suka fito da sama da mutum 300, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, kowa ya yi salati. Amma ba daga sama mutanen nan suka faɗo ba, danginsu ne suka kai mafi yawansu da hannunsu, suna biyan kuɗi. Musulmin da suka gina asibitin Mansuri a Alƙahira a 1284, da sashe na musamman don masu ciwon hankali, sun karanta Suratul Jinni kamar yadda muke karantawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a nan ƙasarmu, ya zauna ya rubuta littattafan magani.

Maganata ta ƙarshe ga malamanmu na mumbari ce, Allah Ya gafarta muku. Kun yi huɗuba a kan bori har ya ja da baya, amma kun yi shiru a kan wanda ke dukan marasa lafiya da Alƙur'ani a hannu, don ya yi shigarku yana magana da yarenku. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ke da lamunin abin da ya ɓata. Ku faɗa wa jama'a wannan ranar Juma'a. Ku gaya musu namiji ba ya keɓewa da matar da ba muharramarsa ba da sunan rukiyya, ba ya taɓa jikinta, ba ya ɗaukar hotonta. Ku gaya musu wanda ya faɗi a kai shi asibiti tukuna, a yi masa tofi a hanya. In kuwa wani ya mutu ko ya nakasa a hannun mai dorina, kada dangi su rufe maganar da cewa aljanin ne ya tafi da shi. A kai ƙara gaban alƙali, a nemi diyya, a rufe shagon.